Famfon da Ba Ya Ja

Shi ya fara ganewa. Ba ungozoma ba, ba uwar jaririyar ba, balle likitan nan mai tabarau da ya zo daga baya yana ta rubuce-rubuce. Tsagar leɓen kam kowa ya gan ta tun ranar haihuwa, wannan ba abin kuri ba ne. Abin da ke can ciki, a rufin baki, shi ne Mai Famfo ya riga kowa sani, kuma da kunne ya kama shi.

Shekara hamsin da ɗoriya yana gyaran famfon ruwa a rumfarsa ta bakin titi, tsakanin mai faci da mai aski. Bai taɓa zama a aji ba, amma a kawo masa famfo a buga sau biyu, zai faɗi inda yake shan iska tun kafin a kwance ƙusa ɗaya. Shi ma da tsagar aka haife shi. Sai da ya yi gemu aka ɗinke masa, kuma har yau idan ya yi dariya leɓen na ɗagewa gefe guda.

Ranar da jikar tasa ta kwana tara ya dawo cin abincin rana, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin surukarsa yana wanke baƙin mai daga yatsu. Surukar ɗiyar ƙaninsa ce, a hannunsa ta girma kafin ɗansa direba ya aure ta, don haka ba wata kunya mai yawa a tsakaninsu. Tana ciki tana shayarwa. Ya tsaya da wankin hannun, ya karkata kai.

"Ke, tun yaushe take a kan nonon nan?"

"Ta kusa awa, Baffa. Ba ta da rigima, tana sha sai barci."

"Ba sha take ba."

Matarsa, ita ma tsohuwa, ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu. "To fa, an fara. Yarinya mai haƙuri irin wannan, ko kuka ba ta cika yi ba."

"Da wane ƙarfin za ta yi kukan? Ku saurara mana. Cak, cak, cak. Wannan ƙarar famfo ce da fatarsa ta yage. Hannu na sama da ƙasa, ruwa bai hau ba."

"Jikar taka ce famfo?"

"Amaryata ce, shi ya sa na damu. Miƙo min ita."

Ya fita da ita tsakar gida inda rana take, ya jira ta yi hamma, ya leƙa. Ga shi nan, rufin bakin a buɗe kamar an tsaga da reza, har can baya. Ya auna ta a tafin hannunsa kamar yadda yake auna kan famfo. Ta fi ranar haihuwa rashin nauyi. Ƙanwarsa ya tuna, wadda aka haifa yana ɗan shekara bakwai, mai leɓe irin nasa. Ita ma an yi ta yabon haƙurinta. Wata biyu ta yi, nono a bakinta, ta tafi. Su uku uwarsu ta haifa da tsagar, shi kaɗai ya tsaya da ƙafarsa, kuma ba ya gajiya da faɗa.

Da safe ya rufe rumfa, ya sa direba ya kai su asibiti. Nas ta ɗora jaririyar a sikeli, ta duba kati, ta sake dubawa, fuskarta ta canza. Likita ya haska bakin da ƙaramar tocila ya ce ganɗar, wato rufin bakin, a tsage take, shi ya sa ba ta iya jan nono.

"Na faɗa musu," in ji Mai Famfo. "Jiya na faɗa."

Likitan ya tambayi ko iyayen suna da dangantaka. Tsoho ya gyara zama.

"Ɗana ne, ɗiyar ƙanena ce. Iyayena ma ɗan wa da 'yar ƙani ne. Mu gidanmu ba ma kai kaya waje."

"Baba, abin nan yana iya zuwa wa kowa," likita ya ce a hankali. "Amma idan yana cikin dangi, kuma jini ɗaya ya yi ta komawa cikin kansa, ya fi saurin fitowa."

Mai Famfo ya shafa gemu. Shi ne ya yi ta murna da auren nan, har ya yi wata guda yana ba mai aski labari. Ya dubi surukarsa, ta sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a kan zanen goyo.

"Ke, ɗago. Ba nononki ba ne, ba kuma laifinki ba ne. In akwai mai laifi ga shi zaune da gemu. Likita, ana ɗinkewa?"

Ana ɗinkewa, leɓen da farko, ganɗar daga baya. Amma ba za a taɓa ta ba sai ta yi nauyi. Nas ta ja layi da jan biro a kan katin ta ce sai ta kai nan. Tsoho bai iya karanta lambar ba, amma layi kam ya gan shi.

Nas ta kawo wata kwalba mai laushi, ta nuna musu: uwa ta tatsa, a zaunar da jaririya a miƙe, a riƙa matsawa kaɗan kaɗan.

"Wato tura mata za a yi," ya ce. "Famfon da ba ya ja, ba a tsayawa lallashinsa, ɗura masa ake. Wannan ai aikina ne."

A gida ya karɓi kwalbar da ƙarfin hali, ya matsa irin matsar da yake wa tiyo. Madara ta fito wa yarinyar ta hanci, ta shaƙe, ta yi ja wur. Tsohuwa ta fizge ta tana bubbuga bayanta.

"Za ka kashe mana ita da gwaninta! Hannun da ya saba da sifana!"

Ya koma gefe yana duban yatsunsa. Da yamma ya je rumfa, ya cika kwalbar da ruwa, ya zauna yana matsawa a bayan hannunsa, ɗigo ɗaya, ɗigo ɗaya, har mai faci ya tambaye shi ko tsufa ne ya fara taɓa shi. Kwana biyu yana wannan. A na uku ya dawo ya ce a ba shi amaryarsa. Surukar ta dubi tsohuwa, tsohuwa ta taɓe baki, aka ba shi.

Ya zaunar da ita a cinyarsa, ya kara kunne kusa da wuyanta. Idan ta motsa baki ya matsa, idan ta tsaya ya tsaya. Can sai ya ji abin da yake jira, ƙwat, ƙaramar ƙarar haɗiya.

"Ya hau," ya ce. "Ruwa ya hau."

Daga ranar ya raba yininsa biyu. Masu famfo su jira, amarya na cin abinci. Shi ya koya wa uwar, ya koya wa direba, har tsohuwa ta zo tana kallo ta gefen ido tana cewa ita dama ta iya. Duk mako a je sikeli, shi kuma tun a hanya ya faɗi ko ta ƙaru, bai kuma taɓa kuskure ba sai sau ɗaya, wanda ya ce sikelin ne.

A wata na biyar ɗigon biro ya haye jan layin. Aka ɗinke leɓen, ɗinki siriri wanda ya ce ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba, don shi a zamaninsa kamar buhu aka ɗinke shi. Saura ganɗar, an sa musu watan da za su koma. Da direba ya ce shi da matarsa za su koma wurin likita su ji bayani kafin su sake haihuwa, tsoho ya ce su je, kuma su saurara da kyau.

Yanzu tana zaune a kan tabarma a rumfar, cinyoyi duk lanƙwasa, tana jan gemun kakanta. Duk wanda ya tsaya sai ya ji labarin daga farko. Ranar nan mai aski ya ce kai dai ka cika baki, asibiti ne suka yi aikin.

"Asibiti suka ɗinke, ban musa ba. Wa ya kai musu abin ɗinkewa da rai? Kai da duk mai shakka, ga ta nan. Zo ka ɗaga ta da hannu ɗaya in ka isa."