Ranar da Mai Shara Ta Ɗaga Hannu

Shekara ashirin da uku Na-Sama yana hawa tsanin nan na ƙarfe, ya shiga ɗan akurkin gilashin da ke ƙolin injin ɗaga kaya ya zauna. Sunan da ma'aikatan wurin gini suka laƙaba masa ke nan, har matarsa ma da shi take kiransa in ranta ya ɓaci. Yanzu gwiwoyi sun fara ƙi, sai ya huta sau uku kafin ya kai. In ya hau da safe ba ya saukowa sai an tashi.

Aikinsa bin oda ne, ba wani abu ba. Oda! Ban san wanda ya kawo kalmar nan wurin gini ba, amma ta samu gindin zama. Manaja ya ba injiniya, injiniya ya ba foman, foman ya juya ya sauke wa lebura, lebura kuwa da ba shi da na ƙasa sai ya kai ta gida. Na-Sama ko a gidan ma ba ya bayarwa. Matarsa takan ce, "Malam, wai kai ko ruwa za ka sha sai an ɗaga maka hannu?" Sai ya yi murmushi kawai, don ba ya dawowa da sauran ƙarfin musu.

Sai dai a sana'arsa oda tana da ƙa'ida. Daga can sama ba ka ganin abin da ke ƙarƙashin kayan da ka ɗauka, saboda haka mutum ɗaya tak kake bi, mai ba da hannu. Ya nuna sama ka ɗaga, ya nuna ƙasa ka sauke, ko mai kamfanin ne ya zo yana ihu ba ruwanka. Oda ɗaya ce kowa ke da ikon bayarwa. Duk wanda ya ware hannu biyu, ko wane ne shi, ka tsaya cak har sai an je an duba.

Na-Sama ba a takarda ya koyi wannan ba. A shekararsa ta biyu wani ya ware hannu, foman na lokacin ya ce a ci gaba, shi kuma ya ci gaba. Birkilan da kayan ya sauka a kansa har yau da sanda yake tafiya, kuma layinsu ɗaya a unguwa, kullum sai sun gaisa.

Sabon foman bai san wannan labari ba, bai kuma tambaya ba. Mutum ne mai gaggawa, oba-oba, 'yar rediyon nan da ake magana da ita, ba ta barin bakinsa. Cikin wata huɗu ya ba Na-Sama takardar gargaɗi biyu, wai yana da nawa. Ta uku kora ce, kowa ya sani. Kuma wa zai ɗauki mai furfura da gwiwa irin tasa ya ba shi inji?

Ran nan da rana tsaka manyan motoci uku sun jeru suna jiran a sauke musu, an kuma ce manaja yana hanya. Na-Sama ya ɗauko wani ƙaton falankin kankare, ya juyo da shi, mai ba da hannu yana nuna masa ƙasa a hankali. Sai idonsa ya faɗa kan mai shara, wata mata da ta fara aiki watan jiya. Ta yar da tsintsiya, ta ware hannu biyu iya ƙarfinta.

Ya tsaya. Kankaren ya rataye yana ɗan lilo.

Oba-oba ta yi ƙara, muryar foman ce. "Na-Sama, lafiya? Sauke mana!"

"An ba da hannun tsayawa, yallaɓai."

"Wa ya bayar?"

"Mai shara."

"Mai shara? Kai, ka ji mutum! Ni ne foman ko ita? Na ba ka oda, sauke!"

Na-Sama ya leƙa ƙasa. Mai ba da hannu ya kalli foman, ya kalli sama, sannan ya ɗan nuna ƙasa da yatsa kamar mai jin kunya. Ba laifinsa ba ne, shi ma yana da iyali. Na-Sama ya tuna takardun nan biyu da ke cikin akwatin matarsa. Wallahi ya ji tsoro. Ya ɗauke hannunsa daga kan sandar injin ya ɗora a gwiwa.

"Sai an duba, yallaɓai."

Aka zage shi ta oba-oba, zagin da duk wurin ya ji. Daga baya dai injiniya ya tura aka zagaya bayan tulin bulo, inda kankaren zai sauka. Me aka tarar? Riga mai ɗaukar ido da hular kwano rataye a jikin rodi, mai su ya tafi bayan gida. Leburori suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Na-Sama ya sauke kankaren daidai kan layinsa, ko ƙara bai yi ba.

"Sauko ka same ni a ofis," in ji foman.

Ya tattara gorar ruwansa da ɗan matashin da yake jingina bayansa, ya sauko. Sau huɗu ya huta. Takarda ta uku tana kan tebur, har an buga hatimi. Bai yi musu ba, bai roƙa ba. Ya ninke ta ya sa a aljihu, yana tunanin yadda zai shiga gida da rana haka.

A bakin ƙofa ya tarar da mai shara, idonta ya yi ja. Ta durƙusa.

"Baba, ka yafe ni don Allah. Na rantse mutum na gani. Ranar da na fara aiki aka ce in na ga haɗari in yi haka, shi ne na yi. Na ja maka."

"Tashi, 'yata."

"Ba zan ƙara ba, Baba. Ko me na gani, shara ta kawo ni, shara zan yi. Na rufe idona daga yau."

Wannan maganar ta fi takardar yi masa ciwo. Ya ɗaga kai ya dubi akurkin gilashin. Gobe wani zai hau, wanda ya ji abin da aka yi wa na gabansa, kuma ƙasa cike take da mutane.

"Dube ni nan," ya ce. Muryar ta fito da kauri, har mai gadi ya waiwayo. "Ko riga kika gani, ko inuwa ce, ki ɗaga hannun nan. Su yi dariya, ki sake ɗagawa. Kin ji ni?"

"Baba, ai za su…"

"Ba shawara nake ba ki ba. Oda ce."

Shekara ashirin da uku, ita ce ta farko da ya taɓa bayarwa. Ya tsaya nan bakin ƙofa, matashinsa a hammata, bai gusa ba sai da ta ce to.