Injin da Auta Ya Zaɓa

Mai Janareta ba mai yawan magana ba ne, amma abin da aka yi masa ba ya zubarwa, ajiyewa yake. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai faci da mai gyaran fanka, ƙasar ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai, sifanu na rataye a bango kowace da ƙusarta. Ranar hutu shi da ƙaninsa sukan tafi wani fili a bayan gari inda masu ƙananan jiragen sama na wasa, irin waɗanda ake tuƙawa da rimot, ke taruwa. Ƙanin kafinta ne, kowa Auta yake ce masa duk da furfurar da ta fara cin gemunsa. Auta ke sassaƙa jirgi, yayan ke sa masa inji. Haka suka daɗe suna yi, har ranar da jan jirginsu ya faɗo.

Mai Janareta ne ya fara isa wurin tarkacen. Ya ɗaga fiffiken ya ga inda ya karye. Katakon da ke riƙe da shi yana da ƙulli a tsakiya, irin wanda ko ɗan koyo ba zai sa a wurin ɗaukar nauyi ba. Auta ya iso yana haki, ya fizge guntun daga hannun yayansa, ya cusa a aljihu, ya juya wajen jama'a.

"Injin ne ya ɗauke a sama. Da kunnena na ji."

Ana iska ranar, ga wasu jirage na kuka a sama, babu mai iya rantsewa a kan abin da ya ji. Mai Janareta ya haɗiye maganarsa, don bai ga yadda zai tsinka ƙaninsa a bainar jama'a ba. Ya zaci in an koma gida Auta zai zo ya durƙusa, a hutu na gaba ya gyara zancen. Bai zo ba. Wani Dogo, direban babbar mota mai bakin tsiya, ya raɗa wa Mai Janareta suna Ɗauke-a-Sama, sunan kuwa ya bi shi tun daga fili har bakin shago. Masu jirage da a da ke kawo masa injuna suka canja hanya. Ko janareton wani ya mutu a layin, sai mai faci ya leƙo yana yaƙe haƙora: "Maigida, ba dai gyaranka ba ne ko?" Mutumin da ya yi furfura a kan inji aka mayar abin dariya, kuma da bakin ɗan'uwansa.

An kwana biyu ba sa haɗa aiki. Sai wata safiya motar kaya ta tsaya a bakin shagon, Auta ya diro.

"Yaya, an tashi lafiya? Fito ka ga abin da ƙaninka ya haifa."

Mai Janareta ya fito yana goge hannu. Bai so ba, amma sai da ya tsaya yana kallo. Jirgi ne da ba a taɓa ganin irinsa a filin ba. Gangar jikinsa ta fi tsawon mutum, fiffiken sai da aka raba shi biyu kafin ya shiga mota. Ya bi katakon da yatsa, gaɓa bayan gaɓa, yana neman ƙulli. Babu. Wannan karon Auta ya zaɓi itace kamar mai zaɓen mata.

"Saura inji," in ji Auta yana susar ƙeya. "Kaina ya ɗaure. Kowa da abin da yake ce min."

Yayan ya juya. Ya shiga ciki ya share teburin aiki, ya ɗora injuna biyu. Na farko irin wanda suka saba sa wa ƙananan jiragensu ne, mai shan man musamman da ake sayarwa a gora.

"Wannan ba shi da nauyi, amma ba zai ja wannan giwar taka ba. Zai tashe ta da ƙyar, iska kaɗan ta taso ya bar ka da salati. Ga shan mai, ga feshin maiƙo a jikin fenti."

"To wancan mummunan fa?"

Na biyun injin zarton sare itace ne. Mai Janareta ya yanke masa duk abin da ba ya da amfani, ya goge, ya ƙera masa mazaunin farfela da hannunsa. Shi kaɗai ya san tsawon lokacin da ya ɓata a kansa ba tare da jirgin da zai sa shi ba.

"Mummuna ne, amma fetur yake sha, kuma ba ya jin wahala. Yana da jijjiga, sai ka ƙara kauri a katakon da za a ɗaure shi. Nauyinsa kuwa daidai da doguwar wutsiyar nan da ka yi. In ka ɗora fiffike a kan yatsu biyu, jirgin zai kwanta lamo, ba sai ka cusa dalma a hanci ba."

Idon Auta ya kawo haske. Ya miƙa hannu. Yayan ya dafe injin.

"Zan ɗaura maka da kaina, in haɗa tanki da komai. Abu ɗaya nake so. Ranar hutu, a fili, gaban Dogo da kowa, ka faɗi abin da ka sa a aljihu."

Auta ya yi wata 'yar dariya. "Haba Yaya! Kana nan har yanzu? Maganar da ta mutu aka binne?"

"Ni ban je jana'izarta ba."

"To in ce musu me? Ni kafinta, na sa ruɓaɓɓen katako? Wa zai sake ba ni aikin ƙofa?"

"Ni wa ya sake ba ni aikin inji?"

Auta ya sha mur. "Riƙe zartonka, ka sare itace da shi. Akwai wanda ya nuna min sabon inji a kwali, mai tukunya biyu, shi ma fetur yake sha. Don dai kai babba ne na ce bari in fara zuwa nan."

Ya buga ƙofar mota ya tafi.

Masu jirgi suna da ƙa'ida: sabon inji ba ya tashi sama ranar da aka kawo shi. Sai an ɗaure wutsiyar jirgin a turke, an bar shi ya yi kuka a ƙasa ya sha tanki bayan tanki, sannan a hutu na gaba a sake shi. Mai Janareta ya je ranar ɗaurin, hannu a baya, ya tsaya gefe. Da aka tada injin ya kasa kunne, ya kuma yarda a ransa cewa Auta bai yi zaɓen banza ba. Inji ne na gaske, muryarsa sumul, ba jijjiga, ƙarfinsa har turken yake girgizawa. Wannan ya ƙara masa ɗaci.

Sai Auta ya buɗe murfin jirgin zai ƙara mai. Tankin farin roba ne, ana ganin cikinsa, kuma Mai Janareta ya gane shi, don shi ya haɗa shi da hannunsa a wani tsohon jirginsu. A ciki ga siririn tiyo mai laushi, shuɗi, wanda ke zuƙo mai daga ƙasan tanki. Tiyon man gora ne. Fetur ba ya barin irinsa. A hankali yake jiƙa shi, ya kumbura, ya saki, har ya zame daga bakin ƙarfen da aka cusa shi. Auta bai taɓa haɗa tanki ba a rayuwarsa, kullum a haɗe yake karɓa.

Ƙafar Mai Janareta ta matsa gaba kafin ya yi shawara da zuciyarsa. "Auta, wannan tiyon..."

"Jama'a ku rufe jirgin!" Dogo ya kwarma ihu. "Ɗauke-a-Sama ya matso!"

Fili ya kwashe da dariya. Mai Janareta bai dubi Dogo ba, ƙaninsa ya duba. Auta na dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, don Allah ɗan ja baya, kar ya ji ƙanshinka ya ɗauke. Me ka ce tiyon ya yi?"

"Ba komai. Launinsa ne ya burge ni."

Da ya koma gida ya yanko guntun irin tiyon, ya jefa a kwalba, ya zuba fetur, ya ajiye a kan tagar ɗakinsa. Kullum da safe kafin ya fita sai ya ɗaga kwalbar ya duba a haske. Tiyon na ƙara ƙiba, yana laushi kamar tsutsar da ta ƙoshi. Matarsa ta lura mutumin da ya daɗe yana tsakurar abinci yanzu har ƙari yake nema.

"Maigida, wannan kwalbar da ka mayar madubi fa? Ta cika min ɗaki da wari."

Ya gaya mata, bai rage komai ba. Ta ajiye tsintsiya.

"Ɗan'uwanka ne fa, ciki ɗaya. Ka san watannin da ya yi a kan jirgin nan? Matarsa ta ce ko teburin cin abinci ba su da shi, fiffike ya cinye."

"Na je in faɗa masa. Ya ce in ja baya."

"To ka aika."

"Da ƙafarsa ya zo shagona, ya san hanya."

"Allah ya shirye ku, ku biyun. Tsofai-tsofai da ku, a kan abin wasa."

"Sunana ba abin wasa ba ne."

Ranar tashi fili ya cika, har waɗanda ba su da jirgi sun zo kallo. Mai Janareta ya sa wankakkiyar rigarsa, ya zo da kujerar roba, ya zauna a gaba. Auta ya cika tanki fal, ya ɗora fiffike, ya gwada rimot dama da hagu. Aka murɗa farfela, injin ya kama. Jirgin ya ruga a kan ciyawa ya ɗaga kamar ba shi da nauyi. Aka yi ta tafi da fito. Auta ya kewaya da shi, ya kawo shi ƙasa-ƙasa ya wuce ta gaban jama'a har huluna suka tashi, ya sake cilla shi sama.

"Ka ji inji!" Dogo ya juyo. "Tsoho, ka ji yadda ake yi? Wannan ba ya ɗaukewa!"

Mai Janareta ya gyaɗa kai. Ya san muddin tanki na cike, inji zai samu mai ko tiyo ya zame. Sai man ya ja baya. Ya harɗe ƙafa yana jira, zuciyarsa kwance kamar ruwan randa.

Jirgin na can ƙarshen fili, hanci sama, injin ya yi tari. Ya kama, ya sake tari, ya yi tsit. Shirun ya sauko kan jama'a gaba ɗaya. Auta ya danna hanci ƙasa yana ƙoƙarin juyo da shi, gumi na bin wuyansa. Nisan ya yi yawa. Jirgin ya taho yana sauka, yana sauka, fiffike ɗaya ya daki sandar shingen da ke bakin fili, ya wuntsila ya bugi ƙasa da hanci. Ƙarar ta iso kamar an taka kwando.

Kowa ya ruga. Mai Janareta ya tashi ya naɗe hannun riga, ya taka a hankali. Ya tarar da Auta durƙushe cikin ɓaraguzai, Dogo na cewa ai sabbin injunan nan ma ba su da tabbas. Tsohon ya sunkuya ya zaro tankin, ya ɗaga shi sama ya girgiza. Ga mai fiye da rabi, ga tiyon yana yawo a ciki, ya kumbura ya yi suntum.

"Injin ba shi da laifi. Fetur aka zuba wa tiyon man gora."

Auta ya ɗago kai a hankali. "Tiyon... Ranar nan. Ka gani."

"Na gani."

"Ka gani ka yi shiru?"

"Ka ce in ja baya."

Auta ya miƙe ya cakumi rigar yayansa, abin da bai taɓa yi ba tun suna yara. "Mugu! Mugun tsoho! Don na ce injinka ne ya ɗauke, shi ne za ka kashe min wannan? Ɗan katako ɗaya ne fa ya karye a wancan, jirgin ma nawa yake? Ka dubi wannan! Ka dube shi!"

Sai da maganar ta gama fita ya ji abin da ya faɗa. Hannunsa ya saki rigar.

Babu wanda ya motsa.  Mai Janareta ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake kowa ba.

"Kun ji ko? Ko akwai wanda iska ta hana shi ji, a maimaita masa?"

"Mun ji, Maigida," in ji Dogo, murya ƙasa-ƙasa, yana kallon takalminsa.

Mai Janareta ya ajiye tankin a gaban ƙaninsa, ya gyara wuyan rigarsa. Auta ya koma ya durƙusa yana tsintar katako, wasu suka sunkuya suna taya shi. Da tsohon ya juya, jama'a suka dare suka ba shi hanya mai faɗi, fiye da yadda mutum ɗaya ke bukata. Ba wanda ya yi masa dariya, ba kuma wanda ya ce ya sauka lafiya. Ya bi ta tsakiyarsu kai a miƙe, bai waiwaya ba.