Tudun da Ya Hau Kabarin Firmina

Shebur biyu, igiya, ƙaramin akwatin katako mai murfi, takardar izinin tono da hatimin ofis a kanta, kyandir shida, garin kofi, maganin ɗigawa na idon Baba. Abin da Jucilene ta ɗauko ke nan. Sauran kayanta suna masauki a garin Barreirinhas, don yini ɗaya ta shirya yi a ƙauyensu.

Motar ta riga ta haye kogi, tana ta tangaɗi a cikin yashi. A bencin baya akwai 'yan yawon buɗe ido bakwai daga São Paulo, suna shafe-shafen mai saboda rana, sai kuma masu haƙar kabari biyu da ta ɗauko daga maƙabartar gari. Babbansu, Anselmo, ya rungume shebur kamar jariri.

Shekara goma sha huɗu tana ƙasar waje, a birnin Lisbon, karatun jinya sannan aiki. Mahaifiyarta Firmina ta rasu shekara uku da suka wuce, kuma an binne ta kafin Jucilene ta sami jirgi. Tun daga lokacin, ƙanenta Valdenor yake gaya mata a waya cewa wani tudun rairayi yana matsowa kusa da kabarin. Shi ya sa ta zo: ta kwashe ƙasusuwan uwarta, ta kai su gari, inda ƙasa ba ta tafiya.

Hanya ta ƙare a gindin wasu itatuwan kashu. Daga nan sai farin rairayi, tudu bayan tudu, da tafkunan ruwan sama a tsakaninsu, wasu shuɗi wasu kore. Baƙin suka yi ihu suka ɗaga wayoyi. Valdenor yana tsaye da rigar ɗan jagora, ba takalmi.

"Ga 'yar Lisbon!" ya ce, yana buɗe hannu. "Yaya, ba rana ne a can? Kin koɗe kamar garin rogo."

"Kai kuma ka yi tumbi."

Ya yi dariya. Sai idonsa ya faɗa kan akwatin da Anselmo yake saukewa, dariyar ta tsaya.

"Ai ba ki ce da masu tono za ki zo ba."

"Na ce. Ba ka saurara ba. Kai ni wurin Mama."

"Ki fara ganin Baba. Ni bari in kai mutanen nan wanka."

Gidan ba inda ta bar shi yake ba. Sau biyu aka tuge shi aka matsa saboda rairayi tun tafiyarta, amma ƙofar ita ce dai ta da, da ƙusar da take rataye jakar makaranta. Mahaifinta Zacarias yana zaune a ragar kwanciya yana gyaran komar kamun kifi da yatsu, idonsa a sama. Ta durƙusa ta sumbaci bayan hannunsa.

"Baba, sa mini albarka."

"Allah ya yi miki albarka. Wa ke tare da ke? Na ji ƙarfe."

Ta gaya masa. Ta ma fito da takardar ta karanta masa, har da hatimin. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko ta ci abinci, ta ce ba ta jin yunwa. Ya lalubi hularsa.

"To, mu je."

Shi ne a gaba, duk da idonsa ba ya gani sosai. Suka bi gefen tafki ɗaya, suka ratsa wani da ruwa iya gwiwa, ƙananan kifaye suna tsakurar ƙafafunsu. Bayan rabin awa suka iso gindin wani tudu mai tsayin bene hawa goma, wanda ya gangaro tsaye zuwa cikin ruwa mai haske kamar gilashi. Baƙin Valdenor suna can samansa. Ɗaya bayan ɗaya suke zama su sulalo, su faɗa ruwa da ihu.

Zacarias ya cire hula.

"Ga ta nan."

"Ina?"

"Ciki."

Jucilene ta dubi tudun. Ba gicciye, ba dutse, ba ma bishiyar kashun da aka ce an binne ta a inuwarta.

Anselmo ya yi gyaran murya, ya matsa ya caka shebur. Ya kwashe ɗaya, rairayi ya zubo ya cike gurbin. Ya kwashe biyu, sai wani ɓangare ya zame daga sama ya rufe masa ƙafa har ƙauri. Ya zare ƙafar ya tsaya.

"Baiwar Allah, shekara talatin ina wannan aiki. Ko da motar tono kika zo, sai dai a binne motar."

Valdenor ya gangaro a guje. Da ya ga fuskarta sai ya rage sauri.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Nuwamba."

"Wata takwas. Hoton da ka turo mini ranar Kirsimeti fa, da furanni?"

"Na bara waccan ne."

"Maƙaryaci."

"Na kira ki a Satumba, Yaya. Na ce iska ta yi ƙarfi bana. Kika ce ba a ba ki hutu ba, sai Janairu. A Janairu kika ce Yuli. Me zan ce miki? Ki zo ki ga me?"

"Sai ka kawo mutane suna sulu a kanta, suna hoto?"

"Nan ne tafkin da ya fi kyau bana. In ban kawo su ba, wani zai kawo su, da giya da rediyo. Ni ko ba komai na san gefen da nake hana su takawa."

Wata mata daga cikin baƙin ta fito daga ruwa tana ɗiga, ta miƙo wa Jucilene waya da murmushi. "Don Allah ɗauke mu mana, tudun ya fito duka."

Jucilene ta karɓa. Ta ɗauka, tudun ya fito duka. Ta mayar da wayar. Ta cusa hannu a aljihu.

"Zo," in ji Zacarias. "Ke kaɗai."

Ya zagaya da ita bayan tudun, inda iska take fitowa. Nan ƙasa a shafe take, tauri gare ta, da kututturan itatuwa baƙaƙe a tsattsaye. Ya riƙa jan ƙafa har ya ci karo da wani turke, ya dafa shi. Akwai wasu a jere, kowanne da ƙyalle a kansa.

"Kin daɗe a waje, kin manta. Tudu ba ya zama, wucewa yake yi. Kin ga da'irar duwatsun can? Rijiyarmu ce ta da, wadda kika jefa takalminki a ciki. Bara ta fito."

Ta gane ta. Har da tsagin da igiya ta yi a bakin dutse.

"Duk ranar bikin Waliyyi Yohana, a watan Yuni, nake kafa turke a inda jelarsa ta tsaya. Taku ashirin yake yi a shekara, in iska ta yi kirki. Daga nan zuwa kan uwarki taku ɗari da tamanin ne. Na auna kafin ya hau ta."

"Shekara tara."

"Ashe karatun bai tafi a banza ba."

Ba ta yi dariya ba. Shi ma haka.

"Ba jiran ne matsala ba," ya ce. "In ya wuce, iska tana kankare ƙasa ta bar kabari a buɗe. Haka aka yi da kakarki. Ba wanda ya lissafa, karnuka suka riga mu gani. Dole a sami mutum a tsaye a nan makon da za ta fito, ya tattara ta, ya rufe ta."

"Valdenor yana nan."

"Ƙanenki ba ya iya zuwa bayan nan. Ya gwada sau ɗaya, ya kai taku arba'in ya zauna yana kuka. Kada ki ce na gaya miki." Ya shafa kan turken. "Ni kuma saba'in da tara gare ni. Bana sai da na yi yini guda kafin in sami layin turakun, don ba na ganin ƙyallen. In layin ya karkace da taku biyu, nan da shekara tara wani wuri daban za a je a tsaya."

"A waya akwai abin da yake nuna wuri daidai, Baba."

"Yana nuna inda tudu zai juya in iska ta sauya? Sai an tsaya an ga yadda take ɗibarsa. Agusta take tasowa."

Jucilene ta kunna kyandir ɗaya a gindin turken ƙarshe. Iska ta kashe shi. Ba ta sake kunnawa ba. Ta tsaya tana kallon bayan tudun, inda rairayi yake tashi siriri kamar hayaƙi yana haurawa sama. Hutunta zai ƙare ranar Litinin. A asibiti an riga an sa sunanta a jadawalin mako mai zuwa.

Da la'asar suka koma wurin mota. Baƙin sun hau, sun yi jajawur, suna nuna wa juna hotuna. Anselmo da abokin aikinsa sun zauna a baya. Valdenor yana gefe yana tona yashi da babban yatsan ƙafa, ya ƙi haɗa ido da ita. Direba ya buɗe mata ƙofar gaba.

"Ranki ya daɗe, mu kama hanya kafin jirgin fito na ƙarshe ya tashi."

Jucilene ta kama ƙofar, ta tura ta ta rufe daga waje.

"Ku tafi," ta ce. "Ni ina nan sai iska ta taso. Baba zai koya mini awo."