Motar Ɗauko Mama

Ƙarar ta sake tasowa daga ƙarƙashin motar, kamar ana dukan ƙarfe da guduma, sai Irmiya ya ji ta daina ja. Inji na ruri, ƙafafu kuwa sun ƙi tafiya. Da kyar ya gangara da ita gefen titi a Gauraka, daura da garejin Mas'uda, makanikin da ya saba duba masa ita.

Tun da ya yi ritaya daga koyarwa ya sayi jif ɗin nan a hannu, don in damina ta sauka ƙaramar mota ba ta shiga ƙauyensu. Ba ta taɓa barinsa ya huta ba: yau giya na zamewa, gobe ƙafafun gaba sun ƙi ja. Da safen nan ƙanwarsa Debora ta kira shi daga ƙauye, ta ce jikin Mama ya tsananta, ya zo ya kawo ta asibiti a Suleja.

Mas'uda ya fito daga ƙarƙashin motar yana goge hannu.

"Malam Irmiya, farfela ce ta tsinke, sandar nan da ke juya ƙafafu, ta kuma taɓa giya. Sai na aika Abuja a nemo wata."

"Yau nake son ta, Mas'uda. Mama ce ba lafiya."

"Subhanallahi. To ka hau motar haya mana, in ƙarasa aikin a bayanka."

"Motar haya a bakin kwalta take tsayawa. Daga nan sai babur, ita kuwa ko zama ba ta iya yi."

Mas'uda ya jefar da tsumman goge hannu. Ya bar sauran motocin da ke jiransa, ya hau babur ya tafi neman kayan da kansa. Irmiya ya zauna a benci yana kallon manyan motoci na wucewa Kaduna. Mai abinci ta ajiye masa shinkafa, har ta huce bai taɓa ba.

La'asar ta kusa, Mas'uda ya dawo da farfelar, yana kwance yana ɗaure noti, wayar Irmiya ta yi ƙara.

"Yaya, kana ina?" in ji Debora.

"Ina hanya. An kusa gamawa."

"Kada ka yi gudu, Yaya." Ya ji kukan mata a bayanta. "Mama ta tafi gida wurin Ubangiji. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta ce in leƙa, ko kai ne."

Irmiya ya sauke wayar a kan cinyarsa. Bai san lokacin da aka tayar da motar ba, sai ganinta ya yi ta zaga fili ta dawo lafiya lau, ba ƙara ko kaɗan. Mas'uda ya sauko yana murmushi, da makulli a hannu.

"Ta zama sabuwa, Malam! Ko dutse ne za ta..."

Ya dubi fuskar Irmiya, murmushin ya ɓace. Ya cire hula, ya tsuguna a gabansa.

"Allah ya ba ku haƙuri."

Irmiya ya gyaɗa kai. Ya juya ya dubi bayan motar.

"Ka cire mini kujerun baya, Mas'uda. Zan biya ta wurin Olu kafinta in ɗauki akwatin gawa."

Mas'uda ya miƙe, ya ɗauki sifana, ya buɗe ƙofar baya.