Fentin Dawowa

Hanya fuska biyu gare ta, in ji Firmin Delpech, kuma duk mai shafa alama a kwarin kogin Lot ya san abin da yake nufi. In kana tafiya, ka shafa fenti ruwan ɗorawa a jikin bishiya ko dutse, layi guda a kwance, a gefen da mai tafiya zai gani. In ka kai ƙarshe ka juyo, ka shafa wa mai dawowa nasa a ɗaya gefen. Inda ba a so a bi kuwa, sai a gicciya layi biyu. Iyakar aikin ke nan. Babu albashi, sai ciwon gwiwa da fenti a farce.

Shekara talatin da ɗaya Firmin yana riƙe da hanyar da ta tashi daga ƙauyen Lavercombe, ta bi ta kabarin duwatsun mutanen da, ta wuce kangon gidan 'yan zuhudu, ta gangara tsohuwar hanyar masu jan jirgin ruwa da igiya, wadda kakanni suka sassaƙe a jikin dutse daidai saman ruwa. Baƙi na zuwa daga ƙasashe da sandunansu bibbiyu kamar masu ciwon ƙafa, su bi fentinsa, su ɗauki hoto, su tafi ba su san sunansa ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Mutum ne da bai taɓa ƙetare gicciye ba, ko da kuwa shi ya shafa shi da hannunsa jiya. Yakan ce in mai alama ya raina alama, wa zai girmama ta?

Bazarar bara, bayan ambaliya ta janye, ya fita sabunta fenti. Ya shafa na tafiya har tsakiyar hanyar masu jan jirgi. A nan dutsen da ruwa ya rarake ya zube da shi. An samu bokitinsa a tsaye a bakin ramin, ko ɗigo bai zuba ba. Shi dai ba a same shi ba.

Matarsa Huguette ce ta gaji hanyar. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, abin da ya sa tsofaffin ƙauyen suka yi ta gulma. Ta ɗauki buroshin waya ta kankare fentin mijinta ɗaya bayan ɗaya, daga bakin ramin har mararraba, ta karkata hanyar ta kan tudu. A mararrabar akwai wani dutse tsayayye, tsawon mutum. Ta shafa masa gicciye a gaba, sannan ta zagaya ta shafa masa wani a baya, don haka aka koya mata, ba a barin aiki da fuska ɗaya.

Wata Talata da rana tsaka, cikin kaka, ƙanin mijinta Aimé ya faɗo mata tana shan miyar tafarnuwa. Shi ne shugaban ƙungiyar masu alama na yankin, kuma tun da aka naɗa shi yake tafiya kamar wanda aka ba wa gunduma. Bai jira tayi ba ya yanki burodi.

"Huguette, ke da ni babu ɓoye-ɓoye. Me ya kai ki ƙasa da fenti?"

"Wace ƙasa kuma? Kai, sauke hannunka daga cukuna."

"Wasu 'yan Beljiyam ne, mata da miji, masu taurin kai. Sun ga gicciye suka wuce abinsu, wai sai sun ɗauki hoton dutse. Da suka juyo, sai ga sabon fenti reras. Matar har ta shafo shi a hannun riga, ta nuna mini."

"To sai aka ce ni ce?"

"Wa ke da makullin rumfar fenti? Akuyata?" Ya sassauta murya. "Ni ma ɗan'uwana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Amma ranar Asabar mutum ɗari biyu za su bi hanyar nan, har da tsofaffin da ba sa ganin abin da ya wuce hancinsu. In wani ya hango rawaya ya bi fa? Ki je ki kankare. In ba za ki iya ba, ni zan je ranar Juma'a, hanyar kuma in ba wa wani. Kin ji na faɗa miki."

"Ka gama? To ka rufe mini ƙofa, ƙuda na shiga."

Da ya fita sai ta ture miyar gefe ba ta ƙarasa ba. Haushi ne, ta gaya wa kanta, haushin Aimé. Amma ta je rumfa ta duba. Gwangwani huɗu ta bari, huɗu ta tarar, babu wanda aka buɗe.

Washegari da hantsi ta saɓa jaka da buroshin waya ta kama hanya. Hazo bai gama tashi daga kan kogin ba. Ta wuce kabarin duwatsu, ta wuce kangon 'yan zuhudu inda hankaki suka gaje hasumiya, ta iso mararraba. Gicciyenta na nan daram. Ta ratse shi idonta a ƙasa, kamar mai wuce wanda suke gaba.

Tana gangarawa tana duba kowace bishiya. Babu komai, sai tabon kankarar da ta yi bara. Har ta fara tsara zagin da za ta yi wa Aimé da 'yan Beljiyam ɗinsa. Hanya ta shiga ƙarƙashin dutse, sanyi ya ƙaru, ruwa na tafiya a hannun hagunta shiru, launin ganyen shayi. Ta tsaya taku uku daga ramin. Shekara ɗaya da rabi, gefen dutsen har yanzu fari ne kamar jiya ya karye.

Sai ta juya za ta koma.

Ga shi nan a jikin dutse, sama da kanta. Layi guda, ruwan ɗorawa.

Ba sai an gaya mata ba. Firmin bahago ne, layinsa yakan fara da kauri daga dama ya sirance zuwa hagu, da ɗan wutsiya a ƙarshe, abin da ta yi shekaru tana tsokanarsa a kai. Dogo ne kuma, daidai idonsa yake shafawa. Ta miƙa hannu, yatsunta da ƙyar suka taɓo. Wannan ya bushe, har gansakuka ta fara cin gefensa. Ya kai shekara.

Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Sai dai mai alama in ya ga alama, idonsa da kansa yake neman ta gaba. Taku arba'in, ga wata a jikin bishiya. Ta bi. Ga wata a kan tsohon zoben ƙarfen da ake ɗaure jirgi. Duk a gefen da mai fitowa daga kogi zai gani, gefen da Firmin bai samu shafawa ba. Kuma kowace ta fi ta bayanta sabunta. Ta goma ba gansakuka. Ta ashirin tana ƙyalli. Ta talatin da biyu warin fenti na tashi daga jikinta, ya gauraya da wani wari, na laka, irin ta ƙasan kogi.

Ta ciro buroshin waya sau biyu, sau biyu ta mayar.

Bishiya ta ƙarshe kafin mararraba, a nan ta tsaya cak. Ba layi ɗaya ba ne. Layi ne a kan layi a kan layi, wuri guda, har fentin ya yi tudu ya gangaro a jikin ɓawon. Ta taɓa, ya kama mata yatsa. Ƙasan wurin kuma babu ciyawa ko ɗaya, an tattake shi ya zama taɓo, kamar turken da dabba ta daɗe a ɗaure, alhali mako uku ke nan ba a yi ruwa ba. Sawun takalmi ne babba, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Duk inda ya nufa, taku ɗaya kafin dutsen yake tsayawa.

Ta ɗaga kai. Daga inda take tsaye, abin da ke kallonta shi ne gicciyen da ta shafa a bayan dutsen, don cika aiki. Gicciyen da babu mai rai da zai taɓa buƙata, tun da babu mai fitowa daga wajen.

Hali zanen dutse. Ruwa ya ci shi, bai ci halinsa ba. Ya taso ya ƙarasa aikinsa, ya shafa hanyar dawowa har ya hango tudun gidansa, ya tarar matarsa ta rubuta masa kada ya bi. Kuma bai bi ba.

A nan Huguette ta yi kukan da ƙauye ya daɗe yana jira, babu mai gani sai hankaki.

Da ta share fuska sai ta tsaya tunani, don ba yarinya ba ce. Abin da ya shekara da rabi a ƙarƙashin Lot, ba ta san da wace fuska zai zo ba. Gicciyen nan shi kaɗai ne tsakaninta da shi. In ta bar shi, ranar Juma'a Aimé zai kankare komai, ta ci gaba da barcinta lafiya. Ta dubi taɓon, ta dubi sawun da ya je ya dawo.

"Kai dai ba ka da dabara, Firmin," ta ce a fili. "Tun kana da rai."

Ta zagaya ta tabbatar gicciyen gaba na nan da kyau saboda baƙin Asabar. Sannan ta dawo baya ta sa buroshin waya. Fenti mai kyau ne, ita ta shafa shi, sai da ta yi kusan awa guda kafin dutsen ya fito fes. Duk tsawon lokacin tana jin sanyi a ƙeyarta, kamar an bar ƙofar rijiya a buɗe. Ba ta waiwaya ba. Ta ɗauki jakarta ta hau tudu.

Ƙararrawar coci na buga sha biyu ta shiga gida. Ta bar ƙofar shinge a buɗe, abin da ba ta taɓa yi ba saboda kaji. Ta ɗumama sauran miyar jiya, ta zauna ta ba ƙofa baya.

Kajin ne suka fara yin shiru. Sai warin fenti ya shigo ta taga, da laka a ƙarƙashinsa. Sai a kan dakali, inda Firmin ya saba kakkaɓe takalminsa don kada ta yi faɗa, aka buga sau uku.

Huguette ta riƙe bakin teburin da hannu biyu.

"Shigo da su haka nan," ta ce. "Na share daga baya."