Tsalle Bakwai

Tun sha ɗaya na safe Alhaji Mahmudu yake zagin Ɓoɓɓo, ga azahar ta yi bai gaji ba.

Khaulat, autarsa, ma'aikaciyar jinya ce. Da hantsi ta shiga kwale-kwale zuwa tsibirin Manoka yin allurar rigakafi, can cikin rafukan da waya ba ta da rezo, wato sabis. Shi kuwa Alhaji shekara talatin yana harkar rediyon 'yan sha'awa, sai ya jefa mata ƙaramar rediyo a jaka, mai faɗin inda take duk bayan minti biyar. Akwatin da ya kafa a kan benensa na unguwar New Bell shi ke jin saƙon ya maimaita, ɗigo ya fito a taswirar kwamfuta. In akwatin bai maimaita ba, ba mai ganin komai.

To ga ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, taswira kuma fayau, ba ɗigon Khaulat.

"Ina 'yata?" in ji matarsa Hajiya Zinariya daga bakin ƙofa. "Kai ka ce in kwantar da hankalina, ƙarafunanka na ganinta."

"Wancan ɗan taurin kan ne ya cushe hanya!" in ji Alhaji.

Ai Ɓoɓɓo ya saba. Ƙa'idar 'yan ƙungiyarsu tsalle biyu ce, akwati ɗaya ya miƙa wa na gaba, shi ke nan. Shi kuwa gogan, mai shagon atamfa a kasuwar Mboppi, bakwai yake sawa, wai sai an gan shi a Ngaoundéré. Saƙonsa ɗaya sai ya yi ta yawo yana dawowa, ya danne na kowa. Mutumin da daga shago sai masallaci, wa ke neman sanin inda yake?

Alhaji ko laima bai ɗauka ba, ya tare bensikin, wato ɗan acaɓa. Ya isa Mboppi sharkaf, ya ture 'yan dako, ya buga hannu a kan bandir ɗin atamfa.

"Kashe tsiyar nan! In wani abu ya sami yarinyar nan, wallahi ba zan yafe maka ba!"

Ɓoɓɓo ya dube shi sama da ƙasa, ya jawo aljihun tebur. Ga rediyon kwance, batir gefe guda.

"Doucement, Alhaji, bi a hankali. Tun Juma'a na kashe. Me zan kunna? Ba kai ka saita akwatinka ya zubar da duk saƙon da ya nemi fiye da tsalle biyu ba? Don ni ka yi, har da faɗa wa mutane a masallaci kana dariya."

Haka ne kuwa. Ranar har shayi ya sha don murna.

"To wa ya toshe ta?"

"Ita nawa ka sa mata?"

Nan take abin ya faɗo wa Alhaji a rai. Jiya da la'asar yana saita rediyon, ya tuna faɗin ruwan nan, ya ga biyu sun yi wa 'yarsa kaɗan. Da hannunsa ya danna bakwai.

Kunya ta kama shi, haushi ya ninku, ga shi ba wanda zai zaga. Cunkoson hanya ya tsayar da babur ɗin, ya sauka ya ƙarasa a ƙafa cikin taɓo, takalmi ɗaya a hannu. Ya haye bene yana haki, ya goge sharaɗin nan.

Minti huɗu suka yi tsaye a gaban kwamfuta, shi da Hajiya. Sai ɗigo ya fito a bakin gaɓar Manoka, da ɗan rubutu a ƙasansa: mun sauka lafiya tun sha biyu, Baba ka gaya wa Mama.

Hajiya ta karanta sau biyu, ta goge ido da gefen mayafi.

"Tun sha biyu take magana," ta ce. "Wane marar imanin ne ya toshe min ita?"

Ruwa na ɗiga daga babbar rigarsa a kan siminti.

"Ni ne," in ji Alhaji.