Ɗigo na Uku

A kwalejinmu ta horon malamai da ke Garwa, tambaya ta huɗu a jarrabawar lantarki ta 'yan shekarar farko ta girme ni a aiki da shekara goma sha tara. Zane ne na ƙwallo, da ɗigo uku masu ɗauke da caji, sai a ce ka faɗi yawan ƙarfin lantarkin da ke ratsa jikin ƙwallon ya fita. Amsar ma kowa ya san ta, don Wakili mai fotokwafi na bakin ƙofa yana haɗa ta da tsofaffin takardu, ɗalibai su haddace kamar lambar waya. A nan wannan shi ake kira shiri.

Bana mutum tamanin da huɗu suka zauna. Tamanin da uku suka tara caji ukun. Dudu Hamajam ita kaɗai ta tara biyu, ta bar ɗaya. Shugaban sashe, Mushe Hamajoda (a nan Mushe muke ce wa malami), ya ba ta sifili a tambayar, ta tashi da bakwai da rabi cikin ashirin, ga shi goma ake nema. Karonta na biyu ke nan a ajin, kuma dokar kwaleji ba ta san karo na uku ba. Ranar Juma'a kwamiti zai sa hannu, daga nan sai ta kwashe kayanta ta koma Pitowa.

Ni aka ba takardun in duba ko an tsallake wani shafi. Da na zo kan ta Dudu sai na yi abin da ba a saba yi ba a sashenmu, na kalli zanen. Ɗigo na uku yana wajen ƙwallon. Ba a bakin layi ba, a waje sosai.

Ƙa'idar Gauss ba ta da wuya. Ka rufe wuri ruf, abin da ke fita ta jikin murfin, cajin da ke ciki ne kaɗai ke kawo shi. Na waje, ƙarfinsa ta nan zai shiga, ta can ya fice, bai ƙara komai ba. Yarinyar ce da gaskiya.

Wakili ya ba ni tarihin ba tare da ya ɗaga kai daga injinsa ba. Kowace shekara daga kwafin bara ake buga na bana. Shekara shida da suka wuce da'irar ta dushe har ba a ganinta, sai sakatariya ta kifa kofin shayi a kai ta zagaye bakinsa da biro. Kofin ƙarami ne.

Ranar Alhamis na sami Mushe Hamajoda a ɗakin malamai, shi da Mushe Tizi na ilmin sinadarai, suna cin makala, wato fanke, da wake. Na ajiye takardar kusa da kwanon, na fara bayani. Na ce a tsoma kwando a Binuwai, ruwan da ya shiga shi ne zai fita, sai in akwai idon ruwa a cikin kwandon.

"Ɗan Yawunde," in ji shi, don haka yake kirana tun da na dawo daga karatu, "ni na koya wa wanda ya koya maka. Ba sai ka kai ni kogi ba."

Ya goge hannu, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon zanen. Ya san abin da ya gani. Ya iya fannin nan fiye da ni, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

"A niyya yana ciki," ya ce.

Mushe Tizi ya leƙo, ya ce wataƙila zafin Garwa ne ya fito da shi shan iska.

Na ce a ba Dudu makinta huɗu, a cire na sauran, ko da talatin za su faɗi. Na ce a rubuta wa duk waɗanda muka yaye a shekarun nan, masu koyarwa yanzu daga Marwa har Tibati, a gaya musu ido ma yana cikin kayan aiki. Na ce muna horon malamai ne ko aku. Na faɗi wasu abubuwan ma da ƙarfi. Mushe Hamajoda ya bari na gama, har ya tura mini kwanon, na ƙi.

Sannan ya shimfiɗa mini hanya biyu, a natse, kamar mai kwatancen tasha. In na kai maganar gaban kwamiti, kwamiti ba shi da ikon taɓa amsar da aka hatimce, sai ya aika ma'aikatar ilmi a Yawunde. Yawunde za ta amsa bayan damina, in ta amsa. Kafin nan sakamako yana nan yadda aka rubuta shi. Ko kuma ya ɗauki biro yanzu ya mai da sifilin huɗu, ya rubuta a gefe cewa an karɓi amsa biyu, ni kuma gobe a taron kwamiti in zauna in sha ruwana.

"Mushe, amsa biyu ba za su zama daidai ba."

"Ban ce daidai ba ne. Na ce an karɓa." Ya lalubi aljihunsa. "Kana da jan biro? Nawa ya ƙare."

Ina da shi. Na daɗe ina riƙe da shi kafin na miƙa. Ya rubuta sha ɗaya da rabi, ya sa hannu, ya nuna mini inda zan sa nawa. Ranar Juma'a na sha ruwa kwalba biyu.

Da aka kafe sunaye ranar Asabar, Dudu ta same ni a barandar sashe. Ta gaishe ni, ta yi godiya a kan sassaucin da ta ji an yi mata, sannan ta roƙe ni in nuna mata inda ta yi kuskure, don kada ta maimaita shi gaban ɗalibai wata rana. Na ce mata ba ta yi kuskure ba. Ta juya ta dubi allon, ta bi sunayen da ido tun daga sama har ƙasa.

"To su fa, Mushe?"

Na ce mata ranar uku ga Oktoba za a koma aji, ta zo da wuri.